Mijin Malama Ya Shiga Aji

Shekara talatin da huɗu Injiniya ya yi yana ja wa mutane wayar lantarki a gidaje da shaguna. Ba injiniyan takarda ba ne, mutanen unguwa ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na ainihin. Mutum goma sha ɗaya suka koyi aiki a hannunsa. Idan ya shiga gida ya ɗaga kai ya dubi silin, sai kowa ya yi tsit yana jiran hukunci.

Matarsa, wadda shi da 'ya'yansa da maƙwabta duk Malama suke ce mata, ta yi shekara talatin tana koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Da ta yi ritaya, Injiniya ya ɗauka za su miƙe ƙafa su huta, su riƙa 'yar gardama a kan tashar da za a kalla. Wata uku kacal ta iya zama. Ta sake tsarin ɗakin girki sau biyu, ta liƙa wa kowace kwalba suna, ta fara gyara wa mai karanta labarai magana a talabijin. Rannan sai babbar 'yarsu ta zo da kwamfuta, suka ƙule a ɗaki tun hantsi.

"Wata ƙungiya ce ke neman malaman kimiyya," in ji Malama da suka fito. "Aikin sa kai ne, shekara ɗaya, a ƙasar waje. Na cike takardar."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, bai ko ɗago kai daga tsohuwar rediyon da yake kwancewa ba. A ransa kuwa cewa ya yi, wa zai ɗauki mai jikoki biyar?

Suka ɗauke ta.

Ranar da wasiƙar ta zo, Injiniya ya tara 'ya'yansa a falo don su taya shi hana ta. Ya kawo zancen gwiwa, ya kawo zancen hawan jini, ya ce ko yaren mutanen ba ta ji. Malama ta ce da Turanci ake karatu a can, gwiwar kuma tata ce. Sai Auta ta gyara zama.

"Baba, ni fa ba Mama nake ji ba, kai nake ji. Ka san inda ake ajiye gishiri a gidan nan?"

Aka kwashe da dariya, ban da shi. Kafin a tashi an yanke shawara: tunda ƙungiyar ta yarda mutum ya tafi da abokin zamansa, Baba ya bi ta. Washegari ya gaya wa abokan hirarsa cewa rakiya zai yi mata, "kun san mata da tsoro."

A filin jirgi aka ɗora akwatin kayan aikinsa a sikeli, ma'aikaciyar ta dubi lambar, ta dube shi, ta girgiza kai. Dole ya buɗe ya zaɓi abu uku: filaya, testa, da ƙaramar mitarsa ta awon wuta. Sauran Auta ta koma da su gida, ya bi akwatin da kallo kamar an raba shi da ɗan fari.

Masaukin da aka ba su ɗaki biyu ne a bayan filin ƙwallon makarantar, da famfo a waje da tebur ɗaya mai kujeru biyu. Shugabar makaranta ta zo tarbarsu, wata gajeriyar mace mai saurin tafiya, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Ta rungume Malama, ta yi ta zuba godiya, sannan ta juyo ta dubi Injiniya.

"Mijina ne," in ji Malama.

Shi ke nan. Mai shago, mai burodi, direban motar makaranta, kowa ya gan shi sai ya ɗaga hannu ya faɗi wasu kalmomi biyu da yaren garin. Injiniya ya ɗauka girmamawa ce, irin ranka ya daɗe ɗin nan, don haka yakan amsa da ƙasaita, har da ɗan jinjina. Sai bayan mako biyu ya tambayi Malama ma'anarsu.

"Mijin Malama," ta ce, tana shafa wa burodinta man shanu.

"A'a, ma'anar nake tambaya."

"Ma'anar ke nan."

Ranar bai gama shayinsa ba.

Akwai kuma doka. Takardar ƙungiya ta ce wanda ya zo rakiya ba zai yi aiki ba, Malama kuwa ta ƙara nata a kai. "Don Allah, baban yara, kada ka taɓa ko waya ɗaya a makarantar nan. Mu baƙi ne. Kada mu zo yau, gobe a ce mun raina musu aiki." Ya yi alkawari. Amma alkawarin ya fi ƙarfinsa nauyi, domin duk inda ya waiga sai ya ga abin da zai sa shi ciwon kai: soket na lilo a bangon ofis, waya biyu an ɗaure su da leda a bayan ɗakin karatu, fankar aji ɗaya na juyawa tana kuka kamar ɗan akuya. Yakan sa hannuwansa a aljihu, ya damƙe testa, ya wuce.

Ya koyi cefane da nuni da yatsa. Ya koyi dafa shinkafa, bayan ya ƙone tukunya biyu. Ya kuma yi aboki, wani dattijo mai kula da gine-ginen makarantar, wanda ke yawo da tarin makullai a ƙugu, ana jin tahowarsa tun daga nesa. Mai Makullai ba ya jin Turanci, Injiniya ba ya jin yaren garin, Turancin nasa ma bai wuce na sunayen kayan aiki ba. Duk da haka kullum da hantsi sukan zauna a benci a gindin tankin ruwa, kowa ya yi ta ba da labari da harshensa, ɗayan yana gyaɗa kai. In ɗaya ya yi dariya, ɗayan ya taya shi.

"Me kuke cewa ne wai?" Malama ta tambaye shi.

"Maganar maza ce."

Ita kam ta samu abin da take so. Takan dawo da la'asar hannunta duk alli, jakarta cike da ganye da ƙwari a kwalabe, tana ba da labarin yara har abinci ya huce. Ko gwiwar ta daina zancenta.

Ana cikin wata na uku, wata ranar Litinin ta dawo ba labari. Ta ajiye jaka, ta zaro wani littafi mai kauri ta tura ƙarƙashin matashin kujera, ta shiga wanka. Injiniya ba mai binciken kayan mace ba ne, amma matashin kujera na kowa ne. Ya ɗaga. Littafin fiziks ne, an naɗe kusurwar wani shafi, kan shafin kuwa an rubuta: wutar lantarki. Ya mayar da littafin yadda ya same shi, ya zauna yana fito a hankali.

Sai da suka ci rabin abinci ta yi magana. Malamar fiziks, wadda ke da juna biyu, likita ya ba ta hutu tun kafin lokaci. Shugaba ta roƙi Malama ta riƙe 'yan aji uku na mako shida, kuma a ƙarshe suna da jarrabawar gwaji, ta haɗa waya da hannu.

"Kika ce me?"

"Na ce kimiyya ai kimiyya ce."

"Haka ne," ya ce. "Yaushe rabonki da karanta lantarki?"

"Ci abincinka."

Kwana biyu tana fama ita kaɗai. Yana ganinta a tebur tana zana layuka tana gogewa. Sau ɗaya ya leƙa ta kafaɗarta, ya ga zanen da in da gaske aka haɗa shi sai batir ya yi zafi ya mutu, ya ciji leɓe ya fita shanya. Ranar Laraba ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba.

"Baban yara, wai tsuntsayen nan da ke sauka kan wayar wuta, ka taɓa lura da su?"

"Kullum."

"Me ya sa ba ta jan su?"

"Ke ke tambaya, ko wani ne ya tambaye ki?"

Ta zauna ta saki ajiyar zuciya. Akwai wata yarinya a layin gaba, 'yar siririya, yara na kiranta da wani suna da ke nufin Sarkin Tambaya. Malama ta cika allo da lissafin da ta haddace, tana juyowa yarinyar ta ɗaga hannu ta yi tambayar tsuntsu. "Shekara talatin," in ji Malama, "ban taɓa ce wa ɗalibi sai gobe ba. Yau na ce."

Injiniya ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ja kujerar da ke kusa da taga ya zauna. "To, ɗaliba, ɗauko littafi da biro."

Darasin farko bai yi kyau ba. Ya ce tsuntsu bai taɓa ƙasa ba, shi ya sa. Ta ce to don me taɓa ƙasa ke kawo jan? Ya ce saboda wuta ƙasa take nema. Ta ce me ta ajiye a ƙasar da take nema? Ya ce haka abin yake.

"Haka abin yake ba amsa ba ce a aji."

"Da ita na koyar da mutum goma sha ɗaya, kuma ba wanda wuta ta kashe."

"Ni arba'in da biyu ke jirana gobe, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta san haka abin yake ba."

Ya fusata ya ce ita kanta ya cika da takarda, ko ƙwan fitila ba ta taɓa canzawa ba. Ta ce laifin wa, tunda duk ranar da ta ɗauko kujera za ta hau sai ya ƙwace ƙwan? Ya fita waje ya tsaya gaban famfo yana huci. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Hannunsa ya san amsar sarai, bakinsa ne bai sani ba. Yana nan tsaye sai idonsa ya faɗa kan bokitan wanki guda biyu da guntun tiyon da suke ban ruwan tumatir da shi.

"Malama! Fito!"

Ya cika bokitan biyu daidai wa daida, ya ajiye su a ƙasa, ya cika tiyon da ruwa, ya tsoma baki ɗaya a nan, ɗaya a can. "Ruwan na tafiya?"

"A'a."

Ya ɗaga bokiti ɗaya ya ɗora kan kujera. Nan take na ƙasa ya fara cika har ya tumbatsa. Malama ta tsaya tana kallo, hannu a haɓa. Can sai ta tafa.

"Ƙafafun tsuntsun! Duka biyu suna kan waya ɗaya, kamar bokitai biyu a ƙasa ɗaya. Babu sama, babu ƙasa, ba abin da zai bi ta jikinsa. In ya taɓa wani wuri daban, an ɗaga bokiti ke nan."

"Abin da nake faɗa miki tun ɗazu."

"Ba shi ka faɗa ba."

Ta koma ciki da gudu-gudu, ta buɗe littafin, ta nuna masa wata kalma da lissafi a ƙarƙashinta. Ta karanta masa, ta fassara. Ya karɓi littafin ya nisanta shi da ido. Abin da mitarsa ke nuna masa shekara da shekaru ne, ashe har wani ya zauna ya rubuta dalilinsa. "Lallai mutumin nan ya san aiki," ya ce.

Washegari Malama ta tafi makaranta da bokitai biyu da tiyo. Ta dawo siket ɗinta jiƙe, tana dariya tun daga filin ƙwallo. Daga ranar, kullum da la'asar teburin ya zama aji. Shi ya nuna da hannu, ita ta nemo dalilin a littafi, su yi faɗa, su shirya, su ci abinci.

Saura gwaji. Da Malama ta sa aka buɗe kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, abin da ta samu bai taka kara ya karya ba: ƙananan ƙwayayen fitila a kwali, batura, da 'yan guntayen waya da ba za su ishi mutum biyar ba. Tana bukatar allunan gwaji goma sha biyu ban da nata, ga shi mako uku ya rage. Ta je ta sami Shugaba ta gaya mata gaskiya, cewa akwai wanda zai iya, amma takarda ta hana shi.

Shugaba ta sa tabarau, ta ɗauko takardar ta karanta sau biyu. "An ce ba za a ɗauke shi aiki ba," ta ce. "Ban ga inda aka ce kada miji ya ɗaukar wa matarsa jaka ba. Jakarki na da nauyi?"

"Ƙwarai kuwa."

Haka Injiniya ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, rungume da jakar Malama mai furanni. Mai Makullai ya buɗe masa wani sito da aka tara karyayyun kayan makaranta, Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka buɗe wa taska. Suka fitar da katakon tsofaffin tebura, suka yanka da zarto. Suka lanƙwasa marfin gwangwani ya zama makunni. Waya kuwa, ya kwance wata matacciyar fanka ya warware jan ƙarfen da ke naɗe a cikinta, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya kankare bakin kowace da wuƙa. Kwana huɗu suna aiki, ba wanda ya ji maganar wani, ba su kuma taɓa saɓawa ba. In Injiniya ya miƙa hannu, guduma ce ke sauka a ciki, in guduma yake so.

Ranar gwajin farko Malama ta ja shi gefe a bakin aji. "Za ka zauna a baya. Ba magana, ba tashi, ba nuni. Aji nawa ne."

"Ni da ba na jin abin da kuke cewa?"

"Fuskarka na magana. Ita ma ka hana ta."

Ya zauna a benci na ƙarshe, jaka a cinya. Yara arba'in da biyu suka shigo suna waigensa suna murmushi, aka raba musu alluna. Malama ta tsaya a gaba da nata allon, ta ce su kalla tukuna. Ta ga wayar da ke kan nata ta yi gajarta, sai ta ɗauko sauran naɗin jan ƙarfen, ta yanko sabuwa da almakashi, ta ɗaura. Ta yi bayani, ta ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ta danna makunni.

Ƙwai bai kama ba.

Ta sake dannawa. Ta juya batir. Ta canza ƙwan. Shiru. Wani a tsakiyar aji ya yi 'yar dariya, wani ya harbe shi ta ƙarƙashin tebur.

Tun lokacin da ta ɗauki almakashi Injiniya ya san abin da zai faru. Wayar fanka tana da wani siririn fenti a jikinta, ido zai ɗauka tsirara take, amma wuta ba ta ratsa shi sai an kankare. Aikin daƙiƙa biyar ne. Ƙafafunsa suka fara miƙewa da kansu, ya danne su. Ya yi tari. Malama ba ta dube shi ba. Ya sake tari mai ƙarfi, har Mai Makullai da ke leƙe ta taga ya miƙo masa gorar ruwa. Ya ga gumi a goshin matarsa, ya ji kamar nasa ne. Da a shagonsa ne, da tuni ya ture mutum gefe, ya karɓe filaya, ya gama. Ya ɗaga cinyoyinsa ya zauna a kan hannuwansa biyu.

Malama ta ajiye allon a hankali. Ta dubi yaran ta yi magana, daga baya ta fassara masa abin da ta ce: "Bai kama ba, kuma ban san dalili ba. Ku haɗa naku. Wanda nasa ya kama, ya zo ya gaya mini bambancin nasa da nawa."

Ajin ya kaure da hayaniya. Can a kusurwa wani ƙwai ya kawo haske, aka yi ihu. Sai wani, sai wani. Goma sha biyu duk suka kama, na Malama kaɗai ke zaune a duhu. Yara suka yi ta zuwa suna dubawa, wannan ya ce batir ne, wancan ya ce ƙwan ne, a musanya, ba labari. Sarkin Tambaya kuwa ta taso. Ta ɗauko allon rukuninsu ta ajiye kusa da na Malama, ta sunkuya har hancinta na kusan taɓa katako. Ta bi waya da yatsa daga wannan baki zuwa wancan. Ta koma ta sake bi. 

Yarinyar ta ɗago. Ta nuna bakin wayarsu, mai haske da alamun karce, ta nuna bakin ta Malama, ja wur, sumul. Ta karɓi almakashin ta kwance wayar, ta kankare baki biyun, ta mayar ta ɗaure. Ba ta danna ba, ta tura wa Malama allon. Malama ta girgiza kai, ta nuna mata makunnin.

Ta danna, ƙwai ya kama.

Abin da ya faru bayan nan Injiniya ya sha musanta shi, amma shaidu arba'in da huɗu ne. Ya yi tsalle ya miƙe, jaka ta faɗi, kwalaben ƙwari suka gangara ƙarƙashin benci, ya daka ihu da harshensa: "Yauwa 'yar albarka! Haka ake yi!" Ajin ya fashe da dariya da tafi. Yaran ba su san ma'anar ba, amma har ƙarshen zango duk wanda ya ci lissafi sai a ji wani ya ce masa "yauwa".

A hanyar gida suka ratsa filin ƙwallo, yana riƙe da jakar.

"Ka sani tun farko," in ji Malama.

"Tun kina yanka."

"Na ji tarin. Na ce in na dube ka, shi ke nan, sun koyi cewa in abu ya ƙi, a nemo namiji mai filaya."

Suka ƙarasa ƙofa. Da ta shiga ɗora ruwan shayi, ya zauna a dakali ya kira babban yaron shagonsa na da a waya, wanda yanzu ke da shagon kansa da 'ya'ya huɗu. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ya ce, "Wai lokacin da kake wurina, na taɓa barinka ka gano matsala da kanka?"

Yaron ya ce, "Oga, lafiya dai ko?"

"Amsa za ka ba ni."

"To, sau ɗaya. Ranar da ka yi zazzaɓi."

Injiniya ya yi dariya har da buga gwiwa. "Naka yaran fa, kana barinsu?"

"Ina fa, Oga. Yadda ka yi mini."

"To ka riƙa zama a kan hannunka. Da wuya, amma ba a mutuwa."

Jarrabawar gwaji ta zo ta wuce. Talatin da takwas suka haye, huɗun da suka faɗi kuma Malama ta ce ba lantarki ne ya kayar da su ba, rashin karanta tambaya ne. Malamar fiziks ta haihu lafiya, ta dawo bayan hutu, ta tarar da alluna goma sha uku jere a kabad, ta aiko wa Mijin Malama godiya da hoton jaririn. Shugaba kuwa ta gano cewa jakar Malama takan bukaci a kai ta ofis, inda soket ke lilo, da bayan ɗakin karatu, da ajin da fanka ke kuka. Ba wanda ya ce an yi aiki. Jaka aka kai.

Malama ta koma kan ilimin halittunta, ta mayar da littafin fiziks da hannu biyu. Injiniya ya ɗauka zai huta. Wata safiyar Alhamis yana shan shayi ta ajiye masa wata takarda a gabansa, an zana abu mai kama da buhuna biyu da bututu.

"Mene ne wannan?"

"Huhu. Gobe muna darasin numfashi. Ka je wurin mahauci ka nuna masa, na tunkiya nake so, da maƙogwaronsa, kada ya huda."

"Sai kuma me?"

"Sai a sa tiyo a maƙogwaron, wani ya hura a gaban aji, yara su ga yadda yake kumbura."

Ya ajiye kofin. "Wane ne wanin?"

"Ni ina bayani, ba zan iya magana da hurawa a lokaci ɗaya ba."

"Malama, ni mutumin waya ne. Ko kaza ban taɓa feɗewa ba."

"Ni ma ai ba mutuniyar waya ba ce. Kada ka manta da tiyon, a wanke shi da sabulu."

Ta rataya jakarta ta fita. Ya daɗe yana kallon zanen, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Sannan ya shanye shayin, ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya nufi gindin tankin ruwa. Mai Makullai ya karɓi takardar ya duba, Injiniya ya kumbura kumatu ya nuna masa abin da ke jiransa. Dattijon ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya miƙe, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna cewa shi ma zai hura, a raba aikin biyu. Suka kama hanyar kasuwa tare, kowa na faɗa wa ɗan'uwansa yadda ake gane huhu mai kyau.